Kunnen Kalilu da Babur ɗin Alhaji Hamma

In ka ratsa layin masu kayan babur a Daura da hantsi, ka ji an ɗaga murya an ce, "Don Allah ku yi mini shiru," kada ka waiga neman limami ko malamin makaranta. Kalilu ne zai saurari inji.

Shekararsa hamsin da 'yan kai. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, baƙin mai ya zauna a layukan tafinsa har sabulu ya haƙura. Asalinsa mutumin Sandamu ne. Mahaifinsa injin niƙa gare shi a bakin kasuwa, irin mai jan bel ɗin nan da ake jin bugunsa tun daga gonaki, kuma a gindin wannan injin Kalilu ya yi rarrafe. Mahaifiyarsa, Iya, takan ba da labarin cewa ko tuwo yake ci, da injin ya sauya murya sai ya tsaya da loma a hannu, ya karkata kai. Wata safiya ya ce da uban, "Baba, yau injin nan mura yake yi." Matan da suka kawo niƙa suka yi ta dariya. Kafin la'asar injin ya tsaya cak, sai da aka ɗauko bakanike daga Daura.

Da ya girma ya yi facin keke, ya yi gyaran injin ban-ruwa, ya yi acaɓa shekara huɗu ya bari. In an tambaye shi dalili sai ya ce fasinjoji sun cika surutu, ba sa barin mutum ya ji abin da babur ke faɗa.

Daga nan ya haɗu da Chiedozie, mai shagon sababbin babura da kayan gyara, wanda 'yan layi ke kira Dozi. A Daura aka haifi Dozi, in yana magana a bayan labule ba za ka ce ba ɗan ƙofar gidanku ba ne. Babura suna zo masa a kwali, a wargaje, ƙafar gaba daban, kai daban, madubai a leda. Kalilu ke haɗa su a rumfar da ke jikin shagon, shekara goma sha bakwai ke nan. Haɗawa dai ba wani abin a zo a gani ba ne, duk mai sifana zai iya. Abin da ya sa ake tahowa daga Zango da Mai'adua a ce sai wanda Kalilu ya taɓa, shi ne abin da yake yi bayan ya ɗaure noti na ƙarshe.

Zai tayar da babur, ya bar shi a silo, yana bugawa a hankali ba totur. Sai ya ɗauki dogon sukudireba, ya dafa bakin a jikin injin, ya manna mariƙin a ƙashin bayan kunnensa, ya lumshe ido. A lokacin ne mai shayi ke rage rediyo. Bayan haka ya cire hula ya cusa a aljihu, domin a cewarsa hula tana tare iska ta ɓata sauti, ya hau shi kaɗai ya kama hanyar Sandamu. Ba ya ɗaukar kowa, ko da mai babur ɗin ne. Akwai wata tsamiya kafin a shiga gari, nan yake tsayawa ya kwance fulogi ya duba bakinsa. In ya yi fari, babur yana jin yunwar mai. In ya yi baƙi, mai ya yi masa yawa, iska ta yi kaɗan. Abin da yake nema shi ne launin ƙosan da aka kwashe a kan lokaci. Sai ya murɗa ɗan sukurun kafireta kaɗan, ya sake hawa, ya sake saurare, har sai muryar ta zauna masa.

Bana, da damina ta faɗi, Dozi ya kawo wasu manyan babura na doguwar tafiya. Tankinsu kamar randa, kujera mai faɗi da ake buɗewa da makulli, gilashin tare iska a gaba, murya kuma can ƙasa, ba irin ƙarar ƙananan nan ba. Guda biyu ya fara kawowa don gwaji, in sun karɓu sauran goma sha biyu su biyo baya. Kalilu ya kwana biyu yana zagaya na farkon kamar wanda aka kawo wa baƙo daga wata ƙasa. Da ya kai shi tsamiya ya dawo, sai ya ce da Dozi, "Wannan ba magana yake yi ba, karatu yake yi."

Wanda ya saye shi shi ne Alhaji Hamma, dillalin shanu daga Babban Mutum, dogon mutum mai farin kaftani da ba ya zama wuri ɗaya. Yau yana kasuwar Mai'adua, jibi Maigatari, gata ka ji shi a Wudil. Ya gaji da jiran mota ta cika.

Kwana biyar da saye ya dawo da shi.

"Malam Kalilu, bijimi na saya ko tsohuwar akuya mai tari?"

"Me ya yi, Alhaji?"

"A cikin gari lafiya lau. Da na hau titi na buɗe masa wuta, sai ya kama shaƙewa, bu-bu-bu, kamar an riƙe masa wuya. In na sassauta ya dawo hayyacinsa. Jiya wani mai ɗan ƙaramin mashin da buhun gawayi ya wuce ni, har yana ɗaga mini hannu."

Ya ajiye makulli ya tafi inuwar masallaci, domin shi warin fetur hawa masa kai yake yi. Kalilu ya kwance fulogi. Baƙi ƙirin. Ya goge, ya rage mai a sukuru, ya hau hanyar Sandamu ya murɗa totur har ƙarshe. Babur ya tafi sumul, ko tari ɗaya. Ya dawo ya miƙa makulli.

Mako bai cika ba sai ga Alhaji Hamma. Wannan karon Kalilu ya buɗe kujera, ya ciro soson da ke tace iska, ya same shi tas, ya wanke duk da haka. Ya zubar da man tankin don ko na bakin hanya ne mai gauraye, ya zuba na gidan mai. Ya sauke allurar kafireta mataki ɗaya. Ya wuce tsamiya, ya wuce Sandamu, ya yi nisa a hanyar Kano yana jiran shaƙewar nan. Ba ta zo ba.

Zuwa na uku Alhaji bai yi wasa ba. Gaban jama'a ya ce da Dozi, in ba a iya haɗa manyan ba a faɗa masa gaskiya, ya san inda zai kai kayansa.

Da yamma Dozi ya jawo benci ya zauna kusa da Kalilu. Bai saba zama a rumfar ba.

"Malam, ni da kai ba ma ɓoye wa juna. Mutanen Kano da ke turo mana babura sun bugo. Sun ce in ana samun matsala, su haɗo sauran a can, su yi musu saiti da na'urarsu, su turo a shirye. Ranar Juma'a za su yi lodi. Dole in ba su amsa."

"In manyan sun zo a haɗe, ƙananan ma haka za su koma zuwa."

Dozi bai ce a'a ba. Ya dubi ƙasa, sannan ya ce, "Ko dai kunnen ne ya fara gajiya? Ba zagi ba ne, Malam. Ni ma yanzu sai da tabarau nake karanta lambar fulogi."

Maganar ta bi Kalilu har gida. Amma abin da ya fi cin ransa ba tsoro ba ne, mamaki ne. Fulogi ba ya ƙarya, ya ce iska ba ta isa. Kunnensa kuma ya ce numfashin babur ɗin lafiya lau. Yaya za a yi duka biyun su zama gaskiya? Me babur ke yi a hannun Alhaji da ba ya yi a nasa? Ya tuna cewa shekara goma sha bakwai yana gwada babura, bai taɓa jin ko ɗaya a ƙarƙashin mai shi ba. Yana sallamarsu a bakin rumfa, shi ke nan, sai dai labari.

Ranar Laraba da sassafe ya zuba sifana uku da sukudireba a jaka, ya shiga motar Baure. Rabonsa da zama a mota har ya manta. Tafiyar duk ta ishe shi, domin tun daga Zango yake jin bawul ɗin motar yana kaɗawa, direban kuwa sai waƙa yake bi.

Ya sami Alhaji Hamma a ƙofar gida yana sallamar wasu Fulani. Babur na jingine a zaure, an lulluɓe shi da zane.

"A'a! Bakanike da kansa? Lafiya?"

"Lafiya lau, Alhaji. Goyo na zo ka yi mini."

"Goyo?"

"Ka kai ni Daura. Ka yi duk yadda ka saba, kamar ba na nan."

Alhaji ya yi dariya har da tafa hannu. Ya sa aka kawo fura, Kalilu ya sha a zaure, shi kuma ya fito da babur waje ya kintsa. Da rana ta ɗaga suka hau. Kalilu ya cire hula.

A cikin gari babu abin da kunne zai kama. Alhaji ya iya tuƙi, ba ya wasa da kuloci, yana sa giya a kan lokaci. Kalilu ya ɗan ji haushin hakan, don a ransa ya so ya kama laifin a hannun mutumin. Suka wuce Baure. Gero ya kai gwiwa hagu da dama, titi ya miƙe babu kowa. Alhaji ya waigo.

"Ka shirya?"

"Buɗe masa."

Babur ya ɗauka da kyau, muryar ta hau, ta hau. Sai kawai ta dushe. Bu-bu-bu. Salansa ta tofar da baƙin hayaƙi, gudun ya zube.

"Ka ji ko? Ka ji abin da nake faɗa muku kuna kallona kamar mai sambatu!"

Kalilu ya karkata kai. Murmushi yake yi. Mako uku yana neman wannan sautin.

"Tsaya, Alhaji. Mu yi musanya."

Ya karɓi kai, Alhaji ya koma baya yana tattare kaftani. Kalilu ya hau giya ɗaya bayan ɗaya, ya murɗa. Wuri ɗaya, gudu ɗaya, babur ya shaƙe a hannunsa shi ma. To ba hannun Alhaji ba ne. Nauyin mutum biyu? Ai Alhaji shi kaɗai yake hawa yana shaƙewa. Hanyar? Titi titi ne.

Ya sake gwadawa, wannan karon bai saurari injin ba. Ya saurari abin da ke zuwa kafin shaƙewar. A karo na uku ya kama shi. Wani ɗan sauti ne, fap, kamar an kifa tafi a bakin tulu. Kuma ba daga gaba ya fito ba, daga ƙarƙashinsa ne. Da ya sassauta totur sai ya ji wani ɗan saki, numfashin ya dawo.

Ya gangara gefen titi, gindin wata gawo, ya kashe.

"Sauka, Alhaji."

Ya zare makulli ya buɗe kujera. A ɗan ramin da ke ƙarƙashinta akwai wata sallaya, siririya mai santsi, koriya, an naɗe ta huɗu. Ya ɗaga ta a hankali da hannu biyu. A gefe ɗaya ƙura ta zana mata da'ira, daidai faɗin bakin bututun da ke ƙasanta.

"Wannan fa?"

"Sallayata ce. Daga Makka na zo da ita. Me ya haɗa ta da gyaran babur?"

"Kullum nan take?"

"To ina zan sa ta? Mutum yana kan hanya, salla ta riske shi a daji. Da na ga wurin ma cewa na yi masu babur ɗin nan sun san darajar matafiyi, har ma'ajiyar sallaya suka yi."

Kalilu ya nuna masa bututun da yatsa. "Alhaji, ka ga wannan? Hancinsa ne. Ta nan yake shaƙar iska. In kana tafiya a hankali, kaɗan yake ja, sallaya na kwance abinta. Da ka buɗe wuta sai ya ja da ƙarfi, ya zuƙo ta, ta rufe masa hanci ruf. Kai ma a toshe maka hanci a ce ka yi gudu."

Alhaji ya leƙa, ya dubi sallaya, ya sake leƙawa.

"To amma sau uku ina kawo maka shi, har kujerar nan ka buɗe. Ba ka gan ta ba?"

"Abin da ni ma nake so in sani ke nan. In ka kawo mini shi, ina take?"

Alhaji ya dubi kafaɗarsa. Sannan ya dafa goshi. "Da azahar nake isowa Daura. Nakan tsaya a masallacin bakin gari in cire ta in yi salla a waje, don ciki ya cika. Daga nan sai in saɓa ta a kafaɗa, tunda a masallaci zan jira ka. In na karɓi babur na je shan mai, sai in mayar."

"A kafaɗarka. Tana gabana sau uku ina gaishe ka."

Suka dubi juna. Alhaji ne ya fara fashewa, Kalilu ya bi, har wani mai garma da ke can cikin gona ya tsayar da shanunsa yana kallonsu.

Da dariyar ta lafa, Kalilu ya zazzage jakarsa a ƙasa.

"Me kuma za ka kwance? Ba an gano ba?"

"Ɓarnata zan gyara. Shi yana kukan iska, ni ina rage masa abinci. In ka tafi da shi haka ba sallaya, zafi zai yi ya cinye fistin kafin ka kai Wudil."

Ya mayar da allurar inda take, ya buɗe sukurun, ya goge fulogi. Azahar ta same su a nan, suka yi alwala da ruwan gorar Alhaji, suka shimfiɗa sallayar a karkace don goshin kowa ya samu. Da suka idar Alhaji ya naɗe ta, ya nufi kujera da ita, ya tuna, ya tsaya da ita a hannu kamar wanda aka ba jaririn wani. A ƙarshe ya cusa ta a gaban riga.

Kafin su hau ya riƙo hannun Kalilu.

"Malam Kalilu, wata alfarma. Maganar nan ta tsaya a gindin gawon nan. Ka san 'yan karar shanu. In suka ji cewa da sallayata na shaƙe babur, har in mutu sunana Alhaji Mai Toshe Hanci."

Kalilu ya tuna da lodin ranar Juma'a. In bai faɗa ba, me zai gaya wa Dozi? Cewa ya gyara, kamar yadda ya ce sau uku a baya? Amma mutumin ya roƙa, kuma hannunsa na cikin nasa.

"Ba za a ji a bakina ba, Alhaji."

Daga nan zuwa Daura babur bai yi tari ko ɗaya ba. A bayan Zango Kalilu ya tsaya ya duba fulogi, ya ƙara murɗa sukurun kamar faɗin ƙwayar gero, suka ci gaba. Alhaji na baya yana ihu a kan iska, wai a nemo masa mai buhun gawayin nan.

Dozi na bakin shago da waya a hannu lokacin da suka tsaya. Ya saurari silon, ya dubi fuskokinsu.

"Ya warke?"

"Ya warke," in ji Kalilu.

"Haka ka ce wancan karon. Mene ne ciwon?"

"Iska ce ba ta isa. Ni kuma na yi ta rage mai."

"Me ya hana iskar isa? A haɗi ne? In a haɗi ne ka faɗa mini, Malam, don in san abin da zan ce da mutanen Kano."

Kalilu ya sunkuya yana goge sifanar da ba ta da datti. "Ba zai sake ba. Iyakar abin da zan ce ke nan."

"Wannan ba amsa ba ce."

"Ita gare ni."

Dozi ya numfasa, ya fara latsa waya. Alhaji Hamma ya dubi Kalilu, ya dubi wayar, ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya sau biyu.

"Kai Dozi, ajiye wayar nan. Wa za ka kira?"

"Kano, Alhaji. Sauran baburan a can za a haɗo su."

"Saboda nawa?" Ya juya wajen Kalilu. "Ashe abin da ke kanka ke nan, ka yi shiru tun daga Baure?" Ya zura hannu a gaban riga ya zaro sallayar, ya ɗaga ta sama yadda har mai shayi zai gani. "To ga mai laifin. Ni na cusa ta a hancin babur. Mutumin nan da kunne ya gano ta, yana zaune a kanta, muna gudu. Ku yi dariyarku ku gama, ina jira."

Layin kuwa bai ɓata lokaci ba. Mai shayi har da zubar da madara. Wani mai faci ya ce a ba babur ɗin haƙuri, wani ya ce ai shi ma ibada yake so ya koya. Dozi ya yi dariya har ya dafa ƙofa. Sai dariyar ta tsaya masa a tsakiya. Ya juya ya dubi babur na biyu, wanda ya riƙe wa kansa yana zuwa Katsina da shi. Ya taka a hankali, ya sa makulli, ya ɗaga kujera, ya zaro wata rigar ruwa ta leda a dunƙule.

"Shi ya sa," ya faɗa a hankali. "Ni na ɗauka haka ƙarfinsa yake."

"Tun yaushe?" in ji Kalilu.

"Tun ruwan farko."

"Kuma ba ka kawo mini ba?"

"Kunya na ji, Malam. Kada ka ce mai shago bai iya hawa ba."

Ya rataye rigar a ƙusa, ya ɗauki waya, ya matsa gefe. Kalilu ya ji shi yana cewa, "E, duka sha biyun. A'a, a kwalinsu. Ku bar su yadda suke."

Kalilu ya riga ya durƙusa a gefen babur na biyun yana kwance fulogi, don ya ga irin baƙin da mako uku na rigar ruwa ke bari.